Da gaske mutum ba ya nutsewa a Tekun Gishiri?

Malam, ka tambaya ko da gaske mutum ba ya nutsewa a Tekun Gishiri na yankin Jodan. Gaskiya ne. Kogin Jodan na zuba a cikinsa, amma ba shi da mafita. Rana na shanye ruwan tana barin gishiri, har ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari, wajen ninki goma na sauran tekuna. Nauyin ruwan ne ke ɗaga jiki sama. Amma fa wanda ya kife ya shaƙi ruwan yana iya halaka.

Abin da ke damuna shi ne ruwan tekun na yin ƙasa da kusan mita ɗaya duk shekara, saboda ana karkatar da kogin zuwa gonaki da birane.