Sa farashi da raba ciniki tsakanin ƙawaye masu sana'ar hannu

Malama, kin ce ke da ƙawayenki kuna saƙa jakunkuna kuna son kai su kasuwar baje koli, amma kin rasa yadda za ku sa farashi ku raba ciniki ba tare da an ɓata ba.

Kafin ku yanka farashi, ku lissafa kuɗin zare da na rumfa da na mota, sannan ku ɗora ladan aikinku, domin a nan ne masu farawa suke cutar kansu, su sayar da jakar da ta ci kwanaki a kuɗin da bai wuce na zarenta ba. Kowace ta ɗaura wa kayanta 'yar takarda mai alamarta, a kuma rubuta duk abin da aka sayar nan take a littafi guda, don idan rumfa ta cika ba mai iya riƙe lissafi da ka. A fara cire kuɗin rumfa tukuna, sannan kowace ta ɗauki nata.

Idan kuna shirin yin rajista da suna ɗaya, ku nemi lauya ya rubuta muku yarjejeniya, akanta kuma, wato masanin lissafin kuɗi, ya duba muku batun haraji.