Tambayi Likita: Bitamin B da Ƙwayoyin Jijiya

Tambaya: Likita, tun da na fara shan bitamin B fitsarina ya koma kalar ɗorawa. Ko shawara ce?

Amsa: A'a, Malam. Launin B2 ne, jiki ke zubar da rararsa. Amma in farin idonka ya yi rawaya, ko fitsarin ya yi duhu kamar baƙin shayi, sai asibiti.

Tambaya: Wai kanwa tana kashe amfanin wake?

Amsa: Da gaskiya a ciki, Hajiya. B1 ba ya jure kanwa, balle a kan wuta. Ki jiƙa waken tun da dare, zai nuna da wuri, ki rage kanwar.

Tambaya: Ina ya dace in ajiye bitamin B na ruwan da nake ba yara?

Amsa: Haske na lalata B2, shi ya sa kwalbar take da duhu. Ban da bakin taga, ban da cikin mota. Ki ɗaga shi sama, musamman mai haɗe da maganin ƙarin jini, don yaro in ya kwankwaɗe shi guba ne.

Tambaya: Ƙafafuna suna mutuwa kamar ana tsira min allura. Wata takwas mai kemis na ba ni ƙwayar jijiya, biyu kullum, abin sai ƙaruwa yake. In koma uku?

Amsa: Don Allah, Baba, kada ka ƙara. Ka dakata da ita, ka je asibiti da kwalin a hannunka. Ana cewa bitamin B ba ya yawa tunda fitsari na wanke shi. B6 ya ƙaryata wannan magana. Abin da baligi ke buƙata a rana bai kai miligiram 2 ba, alhali wasu ƙwayoyin jijiyar na ɗauke da 100 ko 200 a guda ɗaya. In aka daɗe ana sha, shi kansa yake lalata jijiyoyin: tafin ƙafa ya mutu, silifas ya zame mutum bai sani ba, tafiya ta zama tangaɗi. Mai kemis kuwa sai ya ce a ƙara, ko ya zare sirinji. Haba!

Sannan wa ya binciki mafarin ciwon? Ciwon suga na kawo haka, ƙarancin B12 ma haka, musamman ga wanda ya daɗe kan metformin, maganin ciwon suga. Maganar dakatawar nan ban da masu maganin tarin fuka: ɗan B6 ɗin da asibiti ya ba su, miligiram 10 zuwa 25, kariya ce, kada su daina. Kai dai, Baba, a auna sukarinka cikin makon nan, kuma ka riƙa duba tafin ƙafarka kowane dare ko akwai rauni.