Ina takardun Seamus Heaney suke?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda aka adana wasiƙu da rubuce-rubucen hannu na Seamus Heaney, marubucin waƙoƙin nan na Ayaland da ya karɓi kyautar Nobel a 1995, ya kuma koyar da adabi a jami'o'in Harvard da Oxford.

Sun rabu gida biyu. Yawancin wasiƙunsa suna Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka tun 2003. Littattafan da yake tsara waƙoƙinsa a ciki kuwa, da kwafin farko masu cike da gyara, a 2011 ya miƙa su ga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Dublin, babban birnin Ayaland, shekara biyu kafin rasuwarsa a 2013.

Idan nazarin waƙa ne ya dame ka, ka fi mai da hankali kan na Dublin. A nan za ka ga baitin da ya soke, da wanda ya maye gurbinsa, wani lokaci shafi guda ya sha gyara har ya kusa ƙin karantuwa. Bugaggen littafi ba ya nuna maka wannan gumin, shi ya sa nake ganin darajar waɗannan takardu ta wuce misali ga ɗalibi.

Kafin ka yi tunanin tafiya, duba jerin takardun a shafukan ɗakunan biyu na intanet, ka rubuta musu. Kuma kada ka manta, ganin wasiƙa daban, buga ta daban: sai da izinin magadansa. An buga zaɓaɓɓun wasiƙunsa a 2023, ka fara da su.