Tabo ne ko ciwo? Amsar tambayar Auwalu kan hoton dubura

Auwalu, kai da kake koyon karanta hoto a wurina, ranar Talata ka tare ni a bakin ɗakin na'ura kana tambaya ko hoton MRI na farko zai iya gaya mana tun da wuri wane mai kansar dubura ne ciwonsa zai narke da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) da kimo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) kafin tiyata, wane ne ba zai narke ba. Har ka buɗe waya kana nuna mini lambobin ADC da ka auna, wato awon yadda ruwa ke yaɗuwa a cikin nama. Na wuce ban tanka maka ba. Ba da kai nake fushi ba. Tambayarka ce ta tuno mini da wani bawan Allah da har yau in ya faɗo mini a rai abinci ba ya mini daɗi.

Amsar a taƙaice ita ce a'a. An yi ta rubuce-rubuce cewa ƙari, wato dunƙulen kansar, wanda lambarsa ta ADC ke ƙasa ya fi jin gashi. Wasu sun auna sun ga haka, wasu sun auna ba su ga komai ba. Lambar nan tana canzawa daga na'ura zuwa na'ura, tana canzawa da inda ka zana da'irarka, ko kai kanka in ka auna da safe ka sake da yamma ba lallai su zo ɗaya ba. Abin da hoton farko ke yi shi ne ya ja maka kunne. In ka ga ƙarin ya yi fari tas a T2, wato nau'in hoton MRI da ruwa ke fitowa fari a cikinsa, saboda majina ta cika shi, irinsa ba ya cika jin gashi. Ka duba ko ya kutsa cikin jijiyoyin jini na wajen bangon hanji. Ka auna tazararsa da tantanin da ya kewaye kitsen dubura, in milimita 1 ce ko ƙasa da haka to wuƙar likitan tiyata na cikin haɗari. Wannan aikin Farfesa Gina Brown ne da abokan aikinta a asibitin Royal Marsden na Ingila, binciken MERCURY da ya fito a 2006, kuma abin kunya ne mutum ya zauna a kujerar nan bai karanta shi ba. Babban amfanin hoton farko kuwa shi ne taswira: da shi ake karanta na biyu. Riƙe wannan, za ka ga dalili.

Yadda ake kwantar da majiyyaci da cire masa ƙarfe da zaɓen koyil, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai san wannan ba ya koma makaranta.

Shekara tara ke nan. Mutumin ɗan kasuwar hatsi ne, shekararsa 46, ya shafe wajen shekara biyu yana zubar da jini yana shan maganin basir, kamar yadda mutanenmu suka saba. Da aka gano, ƙarin yana santimita 4 kacal daga bakin dubura. Likitan tiyata, wanda abokina ne na shekara goma sha biyar, ya gaya masa gaskiya: za a yi gashi tukuna, bayan nan a cire duburar gaba ɗaya, a fito masa da hanji ta ciki, ya rayu da jaka. Mutumin shi ke jan salla a layinsu na kasuwa. Ba mutuwa ce ta fi damunsa ba, alwalarsa ce. Ya sayar da gona, dangi suka yi karo-karo, aka damƙa kuɗin a hannun ƙanensa. Ya tafi wani gari ya yi zama 28 na gashi, girei 50.4 a ma'aunin yawan gashi, yana haɗiyar ƙwayar kimo. Jini ya tsaya, ya soma cin abinci, ya murmure.

Sati takwas bayan gama gashi suka zo mini. Na ce ina faifan hoton farko, don a wani wuri aka ɗauka. Ƙanen ya ce ya ɓace a mota. Ranar babu wuta, janareta ne ke ja, dizal ya kusa ƙarewa, mutum bakwai na zaune a waje. Aka ɗauki T2, ya fito da kyau: bangon hanji ya yi kauri, baƙi ƙirin, irin na tabo. Aka ɗauki hoton yaɗuwar ruwa, wato DWI, sai ga iska cike da dubura ta murɗe bangon gaba, ba ka iya karanta komai a wurin. Na gani da idona. Abin da ya kamata shi ne in sauko da shi ya kewaya, a sa masa ɗan maganin wanke dubura, a maimaita. Aikin da bai wuce minti biyar a cikin na'ura ba. Na dubi layi, na dubi agogo, na ce a sauke shi.

Na rubuta rahoto shafi biyu. A shafin farko na ce ba a ga ƙari a fili ba, tabo ne ya mamaye wurin. A shafi na biyu na ce hoton yaɗuwar ruwa bai karantu ba, ban ga hoton farko ba, kuma kada a yanke hukunci sai likita ya sa yatsa ya kuma leƙa da kyamara. Na sa hannu, na miƙa wa ƙanen ambulan, ban ɗaga waya na kira abokina ba.

Ƙanen nan ya cire shafi na biyu. Ya kai na farko gida, ya samo wani mai jin Turanci ya karanta wa dangi, ya ce likitan hoto ya ce Yaya ya warke, ba sauran tiyata. Mutumin da dama yake neman hanyar tsira daga jaka, me kake tsammani? Aka yi walima. Kuɗin tiyata kuma suna aljihun ƙane, daga baya aka ji ya sayi mota yana haya da ita.

Bayan wata goma sha huɗu aka kawo shi a kwance. Ciwon ya dawo ya cinye bangon gaba ya kama mafitsara, ya hau hanta. A lokacin ne matarsa ta fito da faifan da aka ce ya ɓace, ashe yana cikin akwatinta tun farko, ba wanda ya tambaye ta. Na sa shi a kwamfuta hannuna na rawa. Gindin ƙarin yana bangon gaba, daidai inda iska ta murɗe mini hoto. Da na ga faifan nan a ranar, wallahi ko dizal ɗin zai ƙare sai na maimaita. Bai kai wata uku ba Allah Ya yi masa rasuwa.

Ƙanen bai tsaya nan ba. Ya je gaban abokina da gaban dangi ya rantse cewa ni na ce masa baki da baki an warke. Aka kira ni gaban kwamiti, na kawo kwafina mai shafi biyu, aka wanke ni a takarda. Amma abokina ya kalle ni ya ce, "Kana da lambata." Daga ranar ya daina turo mini majiyyata har shekara biyu, wasu likitocin suka bi sahunsa. Kuɗin da na yi asara ban ƙirga ba. Sunan da na gina tun kafin a haife ka ne wani maci amana ya ja a ƙasa, kuma har gobe ban yafe masa ba. Nawa laifin na san shi: ban maimaita hoto ba, na kai gargaɗi shafin baya, ban kira ba.

To ga yadda ake aikin. Ba faifan farko, ba rahoto, ko ɗan wane ne. Yankan T2 kada ya wuce milimita 3, kuma ka karkata shi ya gicciye hanji daidai inda ƙarin yake a da, ba inda ya fi maka sauƙi ba. Kada ka yarda a ɗauka kafin sati shida zuwa takwas da gama gashi, kumburi zai sa ka ga ciwo inda babu, kuma ƙarin na ci gaba da narkewa har sati goma sha biyu. A rage iskar dubura, a yi allurar Buscopan mai kwantar da motsin hanji in ba abin da ya hana. Ƙimar b, wato ƙarfin da ake saita hoton DWI a kai, ta kai 800 ko sama. In ka ga haske a DWI kada ka yi ihu tukuna, buɗe taswirar ADC. In can ma fari ne, ruwa ne ko majina ke yaudararka. In ya yi duhu a can, kuma yana cikin bangon da ƙarin yake, to ciwo na nan. Baƙin tabo shi kaɗai ba shaida ba ne, ƙwayoyin kansa na iya ɓuya a cikinsa ba na'urar da za ta gan su. Matakan nan biyar na mrTRG, ma'aunin yadda ƙari ya narke a hoto, daga 1 tabo siriri zuwa 5 ƙari bai motsa ba, ka iya su, amma ka san na tsakiyar ko manyan masana ba sa cika haɗuwa a kansu. Mai majina kuwa, tafkin majinar da kansa ta mutu a ciki da wanda take raye kamanninsu ɗaya, ka rubuta haka ƙarara.

Na san abin da ke ɗaukar hankalinku: a bar mutum ba tiyata a ci gaba da sa ido. Farfesa Angelita Habr-Gama ta birnin Sao Paulo a Brazil ce ta fito da sakamakonta a 2004, kuma gaskiya ne, kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida in aka cire duburar bayan gashi ba a samun ƙwayar kansa ko ɗaya. Amma ita da shaidu uku take aiki: yatsan likita, kyamara da ke nuna farin tabo shimfiɗaɗɗe ba gyambo, sai hoto. Mu na uku ne. Kuma alƙaluman da aka tattara daga ƙasashe da dama aka buga a mujallar Lancet a 2018 sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu ciwon na sake tsirowa cikin shekara biyu. Su suna kama shi da wuri su yi tiyata saboda majiyyaci na dawowa kusan duk wata uku. Mutumin da ya sayar da gonarsa, garinsu tafiyar awa shida, wa zai biya masa kyamara da MRI duk bayan 'yan watanni? Kafin ka rubuta kalmar da za ta sa a fasa tiyata, sai ka san wane ne ke kwance a na'urar da kuma wanda ke riƙe da kuɗinsa.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu ke nan. Kuna son lamba, kuna son manhajar da za ta lissafa muku amsa, ku kwafa ku tura ku koma kan waya. Sati uku kana tare da ni ban ga ka taka zuwa ɗakin tiyata ka ga duburar da aka cire an tsaga ta ba, ban ji ka bi sakamakon gwajin nama na mutum ɗaya da ka karanta hotonsa ba. Ta yaya idonka zai san kima? Mu haka muka koya, da littafi a aljihu, muna rubuta abin da muka ce da abin da wuƙa ta tarar.

Gobe ƙarfe tara akwai wata baiwar Allah da ta gama gashi sati tara da suka wuce. Ka kira mijinta yau ya zo da faifan farko. Kai za ka tsara yankan, ina tsaye a bayanka. Rahoton shafi ɗaya, abin da ba mu iya gani ba shi ne layin farko, kuma kai za ka kira likitanta da bakinka kafin ambulan ya bar ɗakin nan.