Amsa ga 'yata mai jego: shan kafso ba ya hana ba da nono

'Yata, saƙonki ya iso. Ya jiki, ya jinjiri? Kin ce nononki na dama ya kumbura ya yi ja har da zazzaɓi, likita ya rubuta miki Ampiclox, Hajiya kuwa ta ce a bi al'ada: a janye yaro daga nono sai magani ya fita daga jikinki, kafin nan a tatsa a jefa tururuwa a gani ko ya lalace. Kina tambaya wanne za ki bi.

Ki ci gaba da ba shi nono, ki kuma sha maganinki. Hajiya tsoron jikanta take ji, kuma tsoron yana da tushe, don abin da uwa ta sha yakan ratsa zuwa nono. Sai dai abin dubawa shi ne nawa ke ratsawa. Dangin fenisilin, wato Amoxil, Ampiclox da Augmentin, da irin su cephalexin, ɗan abin da ke isa ga jinjiri ƙalilan ne ƙwarai, bai kai ko kusa da wanda ake ba jarirai kai tsaye a asibiti ba idan su ne ba lafiya. Ita kuwa tururuwa, ko a wane ruwa aka jefa ta tana iya nutsewa. Mutuwarta ba ta nuna komai game da nono.

Janye yaron shi ne haɗarin. Nonon da ya kumbura, idan aka bar shi cike, ruwan yana taruwa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, cikin 'yan kwanaki ya zama ƙurji mai mugunya da sai an zuƙe da allura ko an tsaga. Tsotson jinjiri na cikin maganin. Ki ba shi duk sanda ya nema, har a ɓangaren mai ciwo. In zafi ya hana ki, ki tatsa a hankali daidai yadda zai saki, ba murza da ƙarfi ba. A wankan jego kada a dinga danna ganye mai tafasasshen ruwa a wurin. Tsumma mai sanyi bayan ya sha ya fi rage kumburi. Shi kuma ɗan kwana ashirin da aka mayar kan madarar gwangwani ko ruwan rubutu da dauri, gudawa ce ke jiransa, ga nononki zai ja baya.

Ampiclox ana shan sa sau huɗu a rana, duk bayan awa 6, kuma cikin da ba abinci ya fi karɓarsa: awa ɗaya kafin ki ci, ko awa 2 bayan kin ci. Ki cika kwanakin da aka rubuta miki, wanda a kumburin nono yakan kai 10 zuwa 14, ko da kin ji sauƙi tun kwana na uku. Yanke shi a tsakiya ne ke sa ciwon dawowa. Don zafi da zazzaɓi, farasitamol ko ibuprofen sun wadatar. Tramol da kodin kada ki kusance su, suna sa jinjiri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi ƙasa.

Ba duka kafso ne ɗaya ba, shi ya sa ba na son mai jego ta aika yaro kemis a haɗo mata. Chloramphenicol, wanda ake yawan sayarwa don taifot, ba na mai shayarwa ba ne, yana iya taɓa ɓargon jinjiri inda jini ke samuwa. Septrin da nitrofurantoin na ciwon fitsari ana kauce musu idan yaro bai cika wata ɗaya ba, ko bakwaini ne, ko yana da shawara, saboda akwai yaran da jininsu ke fashewa da su, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a ƙasar nan. Tetracycline ba a daɗewa a kansa. Flagyl na yau da kullum ba laifi, illa dai yakan ɗan sa nono ɗaci, yaro ya yi ƙyuya kwana biyu. Duk inda za a rubuta miki magani, ki fara faɗin kina shayarwa da kwanakin yaron.

Abin da za ki iya gani a jikinsa: kashi ya ɗan yi ruwa, ɗan fitina, jan fata a mazaunai, ko fari-fari a harshe da ba ya goguwa. Wannan na ƙarshe yana da magani mai sauƙi, a duba ku tare, don yakan koma kan nono. Babu ɗaya da ke sa a daina shayarwa. Amma in kika ga jini a kashinsa, ko zazzaɓi, ko idonsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko fuska ta kumbura, ko numfashi na sarƙewa, kada a jira gari ya waye. Asibitin Yusuf Dantsoho na nan Tudun Wadar Kaduna, asibitin Barau Dikko ma ba nisa. Ke ma in awa 48 ta wuce zazzaɓi bai sauka ba, ko kika ji wuri ɗaya ya yi laushi kamar da ruwa a ciki, ki koma.

Hajiya kuwa kada ki yi mata gardama. Ki sa maigidanki ya roƙe ta ta raka ki asibiti ranar da za ki koma, ta yi wa ma'aikaciyar jinya tambayar da bakinta. Ki gaishe min da ita da kyau.

Gwaggonki