Hoton kaina kowace rana: wane kayan aiki zan fara nema?

Tambaya: Malam, na yi niyyar ɗaukar hoton kaina sau ɗaya a kowace rana har tsawon shekara guda. Shin sai na sayi babbar kyamara, ko wayata za ta wadatar?

Amsa: Malama, wayarki ta isa, kuma a ganina abin da ya fi cancantar kuɗinki shi ne madogara mai ƙafa uku wadda ke da maƙalin waya, domin armashin wannan aiki yana ga fitowar fuskarki a wuri ɗaya, da tsayi ɗaya, a dukkan hotuna 365. Ki manna alama a ƙasa inda ƙafafun madogarar suke, ki kuma yi wata a inda za ki tsaya.

Ki yi amfani da kyamarar baya, wadda galibi ta fi ta gaba inganci, ki ja da baya kamar mita ɗaya da rabi, saboda idan kyamara ta kusanci fuska sosai, hanci kan fito da girma fiye da yadda yake. Don wayar ta ɗauki hoton ba tare da kin taɓa ta ba, ki saita ƙidayar daƙiƙa 10 a kyamarar, ko ki nemi ƙaramin rimot na Bluetooth.

Game da haske kuwa, na taga ya wadatar, muddin kina fuskantar tagar kuma kina ɗauka a lokaci guda kullum. Fitila sai idan da dare kaɗai kike samun sarari.

Ki sanya wa kowane hoto kwanan wata, ki ajiye kwafinsa a kwamfuta ko intanet duk mako.