Wane gam ne ke riƙe rodi cikin katako?

Ɗana, jiya ka tambaye ni ko farin gam ɗin da muke haɗa kujeru da shi zai riƙe rodi a cikin bim ɗin katako, wato dogon katakon da ke ɗaukar nauyin gini. Ba zai riƙe ba. Shi sai ruwansa ya shige jikin itace yake kamawa, ƙarfe kuwa ba ya shan ruwa, sai ma tsatsa da zai jawo masa. In nauyi ya daɗe a kansa, a hankali yake saki.

Abin da ake sawa shi ne ifoksi mai haɗi biyu, gam da maganin da ke sa shi daskarewa. Ba ya tsukewa in ya bushe, yana cike rami, yana kama ƙarfe da itace duka. Amma ban da ɗan tubin nan mai kamawa cikin minti 5, na gyaran kofi ne. Nemi wanda takardarsa ta ce an yi shi don katako mai ɗaukar nauyi. Gam mai kumfan nan kuma ka rabu da shi, kumfa iska ce.

Rabin aikin yana wurin shiri. Ɗauki rodi mai zare irin na noti, gam ya fi samun wurin kamawa. Goge maiƙo da tsatsa tas. Hudar da za ka yi a katakon ta fi rodin faɗi da milimita 2 zuwa 4, zurfinta kada ya gaza kaurinsa sau 10, kuma kada ta matso bakin katakon, zai tsage. Busa garin katakon ya fita sarai. Ɗanyen katako kuwa, ko kusa! Ya bushe, danshinsa wajen kashi 12 cikin 100.

Ka auna haɗin yadda kamfani ya rubuta, ba da ido ba, kuma kada ka tsinka shi da fetur. Ka sa rodin, ka ɗura gam ɗin daga ƙasan ramin har ka ga ya ɓullo ta wata ƙaramar huda da za ka yi a saman ramin, alamar iska ta fita ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Ifoksi da yawa suna fara laushi daga digiri 50 zuwa 60, ka kuwa san yadda ƙarƙashin rufin kwano yake a watan Afrilu. Duba iyakar zafinsa kafin ka biya kuɗi, ka haɗa kaɗan-kaɗan da sassafe don kada ya daskare maka a mazubin haɗi. Ka ba shi kwana 7 kafin a ɗora nauyi. In rufin da mutane za su kwana ƙarƙashinsa ne, injiniya ne zai faɗi kaurin rodin da adadinsa.